Cin Bashi Don Digirin Wasan Kwaikwayo: Wa Zai Biya Idan Lissafi Ya Ƙi Fita?

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma bashi iri-iri ne. Akwai na manomin da ya ranci kuɗin taki da iri, kaka ta yi ya biya mai kuɗi ya kuma samu abin zubawa a rumbu, akwai kuma wanda akan ci a zuba a inda babu wanda ya san ranar fitowarsa. Muhawarar da aka daɗe ana tafkawa a Amurka game da ɗaliban da ke karɓar rancen gwamnati su karanci wasan kwaikwayo a jami'a ta ta'allaƙa ne a kan wannan tambaya: a cikin biyun nan, wanne ne irin bashin nasu? Mun ga ya dace mu leƙa wannan muhawara ne saboda makwabtanmu, musamman Nijeriya da Ghana, sun kama hanyar bai wa ɗalibai rance, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Ranar da Harvard ta faɗi jarrabawa

A watan Janairun 2017 Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta fitar da jerin kwasa-kwasai sama da 800 da ta ce sun faɗi wata jarrabawa da gwamnatin Barack Obama ta gindaya. Jarrabawar ta lissafi ce zalla: nawa ɗalibi ya ci bashi, nawa yake samu bayan ya kammala, kuma kashi nawa na abin da yake samu ke tafiya wajen biya. Ƙa'idar ita ce, kwas ya tsira idan biyan bashi bai cinye fiye da kashi 8 cikin 100 na dukkan abin da mutum ke samu a shekara ba, ko kashi 20 na abin da ya rage masa bayan an cire kuɗin buƙatun yau da kullum. Kashi 98 cikin 100 na kwasa-kwasan da suka faɗi na makarantun ƴan kasuwa ne da aka buɗe don neman riba, don haka babu wanda ya yi mamakinsu. Abin da ya ɗauki hankalin jaridu shi ne ganin sunan Jami'ar Harvard a ciki, jami'ar da babu kamarta a duniya wajen tarin dukiya, kuma kwas ɗin da ya jawo mata wannan abin kunya shi ne na koyar da wasan kwaikwayo.

Cibiyar da ke gudanar da kwas ɗin an kafa ta ne a 1987, karatun na shekara biyu ne ga waɗanda suka riga suka yi digirin farko, har da ƴan watanni da ɗalibai kan yi a birnin Mosko suna ƙaro sani. Babu wanda ya ce malaman ba su iya ba. Matsalar ita ce kuɗin makaranta kaɗai ya kai Dalar Amurka dubu 63, ɗalibi kan fita da bashin da ya kai dubu 78, sannan abin da yake samu a shekara bai wuce dubu 36 ba. Mai karatu ya lura, Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Dubu 78 ɗin nan sun haura miliyan 40 na kuɗin sefa. Ko da babu ruwa a kan bashin, idan aka raba shi wata 120, wato shekara goma, za a riƙa biyan Dala 650 kowane wata daga cikin dubu 3 da mutum ke samu tun kafin a cire haraji da kuɗin haya. A lissafin ma'aikatar, biyan bashin na cinye kashi 44 cikin 100 na abin da ya rage wa ɗalibin bayan buƙatun dole. Harvard ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai, daga baya a watan Yulin wannan shekara ta sanar da jingine shirin na tsawon shekara uku.

Bayan shekara huɗu, a 2021, jaridar Wall Street Journal ta binciki alƙaluman ma'aikatar ta gano cewa na Harvard ma wasa ne. A Jami'ar Columbia da ke birnin Niyok, ɗaliban digiri na biyu a wasan kwaikwayo da suka karɓi rance sun fita da bashin Dala dubu 135, ninki huɗu ke nan na abin da suke samu shekara biyu bayan kammalawa. Takwarorinsu na sashen fim kuwa dubu 181 suka ɗauko, alhali rabinsu ba sa samun dubu 30 a shekara.

Yadda aka kai ga haka

Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya gwamnati za ta miƙa wa matashi irin waɗannan kuɗi ba tare da ta tambayi yadda zai biya ba? Amsar tana cikin wata doka ta 2005 da ta fara aiki a 2006, wadda ta ƙirƙiro rancen da ake kira Grad PLUS. A digirin farko akwai iyaka, ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa ba ya karɓar fiye da Dala dubu 31 daga gwamnatin tarayya a duk tsawon karatunsa. Amma a digiri na biyu sabuwar dokar ta ce ɗalibi na iya rantar duk abin da jami'a ta ce shi ne kuɗin karatu da na zama, ba tare da duba abin da yake karantawa ba. Ma'ana, jami'a ke yanka farashi, gwamnati ke biya nan take, ɗalibi kuma shi ke ɗaukar nauyin har tsufansa, da ruwan da ya kai kusan kashi 9 cikin 100 a 2024 da 2025. Jami'a ta karɓi nata tun ranar rajista, ko ɗalibin ya samu aiki ko bai samu ba babu abin da zai taɓa aljihunta. Ga shi kuma a dokar Amurka yana da matuƙar wuya kotu ta yafe wa mutum bashin karatu ko da ya bayyana cewa ya karye. Da irin wannan tsari ne bashin karatu na gwamnatin tarayya ya haura Dala tiriliyan 1.6 a wuyan mutane sama da miliyan 40.

Sai dai ba adalci ba ne a ce haɗama ce kaɗai ta sa karatun ya yi tsada. Koyar da wasan kwaikwayo aiki ne na hannu da hannu. Malamin tattalin arziki na iya tara ɗalibai 300 a zaure ɗaya ya yi musu lacca, amma mai koyar da sarrafa murya da motsin jiki ba zai iya da fiye da goma sha ba a lokaci guda, ga dandamali da fitilu da tufafi da masu kula da su. Tun a 1966 wasu masana tattalin arziki biyu, William Baumol da William Bowen, suka bayyana wannan ciwo: masaƙa na iya sayen inji ta ninka abin da take fitarwa da ma'aikatan da take da su, amma wasan da ke buƙatar mutum goma da awa biyu shekara ɗari da suka wuce, yau ma mutum goma da awa biyu yake buƙata. Saboda haka kuɗin shirya wasa da na koyar da shi kullum hawa suke yi, abin da ɗan wasa ke samu kuwa yana tafiyar hawainiya.

Kasuwar da ake shiga

A nan ne gizo ke saƙa. Sana'ar wasan kwaikwayo ba irin ta likita ko injiniya ba ce, inda kusan duk wanda ya samu takarda zai samu albashin da ya yi kusa da na abokan karatunsa. Kasuwa ce da mutum ɗaya ke kwashe rabon mutum ɗari. Matashin da ke cike takardar rance yana kallon Meryl Streep ne, ko Lupita Nyong'o ƴar ƙasar Kenya da ta kammala makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Yale a 2012 ta kuma lashe kyautar Oscar a 2014. Ba ya ganin sauran dubbai da ke raba abinci a gidajen cin abinci da rana suna zuwa gwajin neman rol da yamma. Lokacin yajin aikin kwana 118 da ƴan wasan fim da talabijin na Amurka suka yi a 2023, ƙungiyarsu mai mambobi kusan dubu 160 ta ce kimanin kashi 86 cikin 100 ba sa samun Dala 26,470 a shekara daga sana'ar, wato adadin da ake buƙata kafin mutum ya cancanci inshorar lafiya ta ƙungiyar. Alƙaluman da reshen Babban Bankin Amurka na Niyok ke fitarwa a kai a kai sun nuna cewa fiye da rabin matasan da suka yi digirin farko a wannan fanni suna aikin da ba ya buƙatar digiri, kuma abin da suke samu a farkon aiki kusan rabin na injiniyan kwamfuta ne.

Bayan ƙarancin kuɗin akwai rashin tabbas. Ɗan wasa kan yi wata uku yana aiki ya yi wata biyar yana jira, shi kuwa bashi ba ya jira. Annobar korona ta nuna haka ƙarara, domin gidajen wasan Broadway na Niyok sun kasance a rufe tun daga Maris na 2020 har zuwa Satumban 2021. Gaskiya ne gwamnati ta dakatar da karɓar biya a lokacin, amma a Oktoban 2023 aka ci gaba da karɓa, bayan da Kotun Ƙoli ta soke shirin Shugaba Joe Biden na yafe wani ɓangare na bashin a watan Yunin wannan shekara.

Abu na uku, kuma wanda a ganinmu ya fi muhimmanci, shi ne cewa sana'ar ba ta tambayar takarda. Babu asibitin da zai bar mutum ya yi tiyata ba tare da shaidar karatu ba, amma darakta ba ruwansa da digirinka, abin da yake dubawa shi ne ko ka iya. Ke nan wanda ya ci bashin dubu 135 yana layi ɗaya da wanda bai ci ko sisi ba, kuma na biyun ya fi shi ƴancin karɓar ƙaramin aiki mai kyau da zai fito da shi, tunda babu mai bin sa kuɗi a ƙarshen wata. Bashin da aka ci domin shiga sana'ar sai ya zama shi ne ke fitar da mutum daga cikinta, ya koma aikin ofis don ya samu na biya.

Su ma masu kare fannin suna da hujja

Malaman wasan kwaikwayo ba su yi shiru ba. Sun ce auna mutum shekara biyu ko huɗu bayan kammala karatu zalunci ne a sana'ar da akan yi shekara goma kafin a tsaya da ƙafa. Sun ce da yawa daga ɗalibansu na zama malamai, marubuta, masu shirya shirye-shiryen rediyo da talabijin, masu tallace-tallace, har da lauyoyi, kuma abin da suka koya na tsayuwa gaban jama'a da aiki tare da mutane shi ke ciyar da su. Sun kuma ce idan albashi ne kaɗai ma'aunin ilimi, to sai a rufe sassan tarihi da harsuna da addini, har da na horar da malaman firamare. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talaka: idan aka hana rance, ɗan mai kuɗi zai ci gaba da karatunsa da kuɗin ubansa, ɗan talaka ne kaɗai za a rufe wa ƙofa, daga nan sai dandamali ya zama na masu hali, labarin da za a riƙa nunawa ma nasu ne.

Mun yarda da yawancin wannan. Amma duk hujjojin suna nuna cewa wasan kwaikwayo yana da amfani ga al'umma ne, babu ɗaya daga ciki da ta nuna cewa yarinya ƴar shekara 24 ce ya kamata ta ɗauki nauyin wannan amfani ita kaɗai, da ruwa a kai. Idan al'umma ce ke cin moriyar, ita ya kamata ta biya kaso mafi tsoka. Bai wa ɗan talaka bashin da kowa ya san ba zai iya biya ba, sannan a kira abin da sunan buɗe masa ƙofa, yaudara ce.

Hanyoyi uku da aka bi

Amurka ta gwada magani iri uku. Na farko shi ne na Harvard, a rufe shago. Na biyu shi ne na Yale, inda a watan Yunin 2021 attajirin nan na harkar waƙa da fim David Geffen ya ba da kyautar Dala miliyan 150, jami'ar ta soke kuɗin makaranta ga dukkan ɗaliban makarantarta ta wasan kwaikwayo, su kimanin 200, ta kuma sa wa makarantar sunansa. Makarantar Juilliard ta Niyok ta bi sahu, ta mayar da digirinta na biyu a fannin kyauta daga 2024. Wannan amincewa ce a fakaice cewa lissafin ba ya fita, kuma magani ne mai kyau, illa dai ba kowace makaranta ke da attajirin da zai tuna da ita ba.

Na uku shi ne na doka. Gwamnatin Donald Trump ta farko ta soke ƙa'idar Obama a 2019, ta Biden ta dawo da ita a 2023, sannan a ranar 4 ga Yulin 2025 Trump ya sa hannu a wata babbar dokar haraji da kashe kuɗi da ta taɓa rancen karatu sosai. Dokar ta tanadi rufe Grad PLUS ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026, ta kuma sa iyakar Dala 20,500 a shekara da dubu 100 gaba ɗaya ga yawancin masu digiri na biyu. Haka nan ta kawo sabon ma'auni: waɗanda suka yi digirin farko dole su fi masu takardar sakandare samun kuɗi, masu digiri na biyu kuma su fi masu digirin farko, kwas ɗin da ya gaza sau biyu cikin shekara uku a janye masa rancen gwamnati. Sa iyaka ga rance abu ne da ya daɗe da dacewa, domin zai tilasta wa jami'o'i su sake duba farashinsu. Amma sabon ma'aunin yana da makanta, domin albashi kaɗai yake kallo, ba ya kallon girman bashin. Ƙaramar jami'ar jiha da ke koyar da wasan kwaikwayo da araha, ɗalibanta su fita da ɗan bashin da za su iya biya, tana iya faɗuwa tare da wadda ta ɗora wa nata dubu ɗari.

Birtaniya ta bi wata hanya daban. A Ingila ɗalibin da ya fara karatu daga 2023 yana biyan kashi 9 cikin 100 ne na abin da ya haura Fam dubu 25 a shekara, idan bai kai haka ba ba ya biyan komai, bayan shekara 40 kuma a shafe abin da ya rage. A irin wannan tsari ɗan wasan da kasuwa ta ƙi ba ya shiga uku, baitulmali ke ɗaukar asarar. Shi ya sa can gwamnati ce ke ƙorafi. Wani bincike da cibiyar nazarin kasafin kuɗi ta IFS ta fitar a 2020 ya sa fannonin fasahar ƙirƙira a ƙasan jeri wajen ribar da digiri ke kawowa a tsawon rayuwa, a 2021 aka zabge rabin wani tallafi da ake bai wa jami'o'i don koyar da su, a 2023 kuma Firayim Minista na lokacin Rishi Sunak ya sha alwashin taƙaita kwasa-kwasan da ya ce ba sa amfanar ɗalibai. Darasin dai ɗaya ne: asarar ba ta ɓacewa, sai dai a zaɓi wanda zai ɗauke ta.

Abin da ya shafi makwabtanmu

A Nijeriya Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai a Yunin 2023, aka sake mata fasali a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun wannan shekara. Tsarin ya fi na Amurka sauƙi nesa ba kusa ba. Babu kuɗin ruwa, wanda hakan ya kwantar da hankalin iyaye da dama a Arewa, ba a neman mai tsaya wa ɗalibi, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ɗalibi kuma ya samu Naira dubu 20 a wata na kashewa. Biya na farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Bari mu yi misali da kanmu. Mu ɗauka kuɗin makaranta Naira dubu 100 ne a shekara, ɗalibi kuma ya karɓi na kashewa wata goma kowace shekara. A shekara huɗu bashinsa ya zama Naira miliyan 1 da dubu 200. Idan ya samu aikin dubu 200 a wata, cikin shekara biyar ya gama. Idan kuwa mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka amince da shi a 2024 ya samu, zai haura shekara 14 yana biya. Amma ko a hakan ba zai shaƙe ba, tunda kashi goma ne kawai, ga shi hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, tana cinye darajar bashin da babu ruwa a kansa.

Ke nan a Nijeriya haɗarin ya fi karkata ga asusun kansa. Cire kashi goma daga albashi na yiwuwa ne inda akwai albashi. Ɗan wasan Kannywood ba shi da ranar albashi, sallama ake yi masa bayan an tashi daga wurin ɗaukar fim. Idan mai karatu bai manta ba, a Fabrairun 2022 dattijuwar ƴar wasa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da Naira dubu 2 zuwa dubu 5, wasu furodusoshi suka fito suka musanta, suka ce sun biya ta dubu 30 da dubu 40. Ko wanne aka ɗauka, cacar bakin ta nuna cewa harka ce ta hannu da hannu da babu takardar biya a cikinta. Dokar ta ce mai sana'ar kansa ya riƙa kai kashi goma na ribarsa, amma wa zai ƙididdige ribar? Nijeriya ta taɓa kafa hukumar rancen ɗalibai a 1972, rashin biya na cikin abin da ya durƙusar da ita. Tsoronmu shi ne idan aka fara karɓar biya aka ga kuɗi ba sa dawowa, abu mafi sauƙi ga gwamnati shi ne ta yi irin na Amurka, ta ware wasu kwasa-kwasai ta ce ba su cancanci rance ba, kuma ba sai an yi duba ba kafin a san waɗanda za a fara da su.

Ghana ta riga ta ga wani ɓangare na wannan. Asusunta na rancen ɗalibai da aka kafa a 2005 yana ɗora ruwa, ya kuma daɗe yana fama da masu ƙin biya. A 2022 aka cire sharaɗin mai tsayawa, a 2025 kuma gwamnatin John Mahama ta fara biya wa ɗaliban shekarar farko na manyan makarantun gwamnati kuɗin makaranta a matsayin tallafi. Wannan ya shafi ɗaliban makarantar wasanni ta Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda ta samo asali tun 1962, kamar yadda ya shafi na kowane fanni.

A nan Nijar abin da ɗalibanmu suka fi sani shi ne alawus da gwamnati ke bayarwa ta hannun hukumar ANAB, duk da kukan jinkirin biya da aka saba ji. Amma kada mu ɗauka ba mu da bashin karatu. Namu ba ya cikin takarda ne kawai. Ɗanmu da ya tsallaka Kano ko Zariya ko Akara karatu ba ya cikin waɗanda asusun waɗannan ƙasashe ke bai wa rance, gonar uba ce ake jinginarwa, ko a sayar da shanu, ko a karɓo a hannun kawu. Irin wannan bashi babu dokar da ke shafe shi bayan shekara 40, kuma idan lissafi ya ƙi fita zumunci ne ke biya.

Shawararmu

Tarihin wasan kwaikwayon Hausa ya isa ya nuna cewa digiri ba shi ne ƙofar dandamali ba. Yazi Dogo malamin makaranta ne, ƙungiyoyin samariya da suka raya wasan a bukukuwan matasa na zamanin Seyni Kountché ba daga jami'a suka fito ba. Marigayi Samanja tsohon soja ne, marigayi Rabilu Musa Ibro ma'aikacin gidan yari ne, Ali Nuhu da aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 2024 ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Wannan ba ya nufin karatun ba shi da amfani. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tun daga tsakiyar shekarun 1970, ya yi suna wajen kai wasa ƙauyuka don wayar da kai, kuma masu irin wannan horo su ne ake nema wajen rubuta wasannin rediyo kan rigakafi da karatun ƴaƴa mata, da tsara shirye-shirye masu dogon zango na tashoshin talabijin, da koyarwa. A nan abincin mai digirin yake, a rubutu da tsarawa da koyarwa, fiye da fitowa a gaban kyamara.

Don haka muna kira ga matashin da ke sha'awar fannin, da iyayensa, su yi lissafi da abin da ɗan wasa na tsaka-tsaki ke samu, kada su yi da na tauraron da ke jikin fosta. Masu ba da shawara kan rance a Amurka suna da wata ƙa'ida mai sauƙi da za ta yi mana amfani: kada jimillar bashin ta wuce abin da kake sa ran samu a shekararka ta farko ta aiki. Ya tambayi sashen da zai shiga ina ɗalibansu na shekara biyar da suka wuce suke, me suke yi. Ya haɗa wasan da abin da ake biya a kansa kullum, kamar tace hoto, ɗaukar sauti, rubutun labari ko takardar koyarwa. Ya kuma bambanta rancen da biyansa ke bin abin da ka samu da wanda ke bin kwanan wata, domin na farko ana iya rayuwa da shi a sana'ar da ba ta da tabbas, na biyun kuwa shi ne ya karya ɗaliban Harvard da Columbia.

Ga hukumomi kuwa, jami'o'i su riƙa bayyana wa jama'a inda ɗalibansu suka ƙare, kuma duk jami'ar da ta ƙara kuɗi don ta ga rance ya samu, a sa ta ɗauki wani kaso na asarar idan ɗalibanta suka kasa biya. Gwamnatin da ta yarda tana buƙatar masu wasan kwaikwayo, kuma duk lokacin da annoba ta ɓarke ko zaɓe ya matso su take nema su isar mata da saƙo, to ta ware guraben tallafi ƙalilan ta ɗauki nauyin masu hazaƙa kai tsaye. Hakan ya fi mata araha a kan ta ba dubbai bashin da ita ma ta san ba zai dawo ba, daga baya ta zo tana zargin fannin. Amurka ta kwashe kusan shekara ashirin kafin ta gane cewa rance marar iyaka jami'a yake yi wa aiki fiye da ɗalibi. Makwabtanmu da suka fara jiya-jiya suna da damar gyarawa tun kafin ranar biya ta zo, mu kuma da ke kallo daga nan muna da damar koyo ba tare da mun biya kuɗin darasin ba. Allah ya sa masu faɗa a ji su ji.